Yadda ake sabunta falo ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba

Yawancin mutane idan suka ga falonsu ya dushe, abin da ke fara zuwa musu a rai shi ne sayen sabon saitin kujeru. Da yake kujeru su ne mafi tsada a kayan falo, sai maganar ta mutu tun ba a fara ba, a ci gaba da zama a haka shekara da shekaru ana jiran ranar da kuɗi za su samu. A ganina ba kasafai kujeru ke tsufar da falo ba. Abin da ke tsufar da shi shi ne bangon da ya yi dauɗa, da labulen da rana ta cinye, da hasken da bai dace ba, da tarkacen da suka taru har ido ya daina ganinsu, kuma gyaran waɗannan duka bai kama ƙafar kuɗin kujeru ba. Sai dai aikin yana son a bi shi daki-daki, domin wanda ya sayo labule kafin ya yi fenti, ko ya shimfiɗa kafet kafin ya toshe yoyo, zai biya kuɗin abu ɗaya sau biyu.

Mataki na farko: a fitar da komai

A zaɓi rana guda a kwashe duk abin da ke cikin falon zuwa tsakar gida ko baranda, a sauke labule da hotuna da kalandar shekarun baya, a naɗe kafet ko ledar ƙasa. Sai a share tun daga sama, a kakkaɓe yana daga silin, a goge fukafukan fanka da tsumma mai danshi, a wanke gilashin taga da ragar sauro. Ragar taga tana tara ƙurar hunturu har ta rage hasken ɗaki, kuma wankinta da burushi da ruwan sabulu kaɗai yana canza falo fiye da yadda ake zato.

Kayan da ke waje a raba su uku: waɗanda za su koma yadda suke, da waɗanda za su koma bayan gyara, da waɗanda ba za su koma ba. Kashi na uku shi ne mai wuyar yanke hukunci, domin a nan ne ake samun furannin roba da suka ƙoɗe, da tsohuwar rediyo da ta daina aiki, da kwanukan jere da aka cika kabet da su tun ranar tarewa. Abin da ke da sauran daraja a ba dillaliya ta sayar, kuɗin ya shiga asusun gyaran, abin da wani zai amfana da shi kuma a bayar. Idan akwai abin da ke da tarihi a zuciyar uwargida, kamar kwallar da mahaifiyarta ta ba ta, a ajiye shi gefe, domin yana da wurinsa idan an zo jere.

Yanzu da ɗakin ya zama fili, a duba shi da rana tsaka. A kalli silin ko akwai tabon ruwa, a shafa gindin bango ko akwai danshi, a ƙwanƙwasa katakon ƙofa da na taga ko gara ta shiga.

Mataki na biyu: lissafi da zaɓen lokaci

A auna tsawon falon da faɗinsa da tsayin bango, da faɗin kowace taga, a rubuta a takarda, domin da wannan takarda za a shiga kasuwa. Shawarata ita ce bango ya ɗauki kaso mafi girma na kuɗin, kujeru su biyo baya, sannan labule, abin da ya rage ya tafi ga fitila da kayan ado, kuma a ware wani abu gefe saboda abin da zai ɓullo ana tsaka da aiki. Ba dole ba ne a yi komai a wata guda. Mai adashe zai iya yin fenti da kwasar farko, ya jira ta gaba ya yi kujeru.

Lokaci ma kuɗi ne a wannan aiki. Makonnin da ke gab da Sallah su ne mafi munin lokaci, saboda teloli sun cika da ɗinki, masu fenti suna gaggawa, kasuwa kuma ta cika da masu saye har ba a samun sauƙin ciniki. A tsakiyar damina bango yana riƙe laima, a tsakiyar hunturu kuma ƙura tana manne wa ɗanyen fenti. Lokacin da ya fi dacewa a arewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, wajen watan Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ko kuma bayan wucewar hazo kafin saukar damina. Mai zaman haya ya fara neman izinin mai gida kafin ya taɓa bango, kuma idan gyaran na yoyo ne ko tsagewa, su daidaita tun farko ko za a cire kuɗin daga na haya.

Mataki na uku: bango

A nan ne ya kamata a fi daɗewa. Fenti ba ya maganin danshi, don haka idan akwai tabon ruwa a silin, sai an hau an gyara kwanon rufi ko an toshe inda ruwa ke bi kafin a yi komai. Idan gindin bango yana fitar da wani farin abu mai kama da gishiri, fentin kuma yana kumbura yana ɓarewa, ruwa ne ke hawowa daga ƙasa ko daga bayan bango, kuma sau da yawa dalilin bai wuce magudanar ruwa da ta toshe ba, ko bututun banɗaki da ke zuba. A gyara tushen, a kankare wurin, a bar shi ya bushe sarai. Inda aka yi sabon shafen siminti, a ba shi kamar mako huɗu kafin fenti ya hau. Funfuna kuma a wanke ta da bilic da aka tsarma da ruwa, tagogi a buɗe, kuma kada a taɓa haɗa bilic da wani maganin wanki, domin haɗin yana iya fitar da iska mai guba.

Bayan haka a gwada tsohon fentin. A shafa tafin hannu a bango. Idan ya fito da farin gari kamar alli, sai an goge bangon da tsumma mai ruwa har garin ya ragu, in ba haka ba sabon fentin zai zauna a kan gari ne, ya ɓare bayan ɗan lokaci. Idan tsohon fentin na mai ne, mai sheƙi, fentin ruwa ba zai kama shi ba sai an goge shi da sanfefa ya yi kaushi. Wannan guga a yi ta da danshi, a rufe hanci, a kuma nisanta yara da masu juna biyu, saboda wasu fentin mai suna ɗauke da dalma, ƙurarta kuwa tana cutar da ƙwaƙwalwar yara. Ramukan ƙusa da ƙananan tsagu a cike su da fila, wato ƙullin cike ramin bango, a bari ta bushe, a goge ta daidaita da bango.

Ga yadda ake lissafin fenti. A ɗauki falo mai tsawon mita 5, faɗin mita 4, tsayin bango mita 3. Kewayensa mita 18 ne, idan aka ninka da 3 ya ba da murabba'in mita 54. A cire ƙofofi da tagogi, a ce murabba'in mita 8, saura 46. Shafa biyu ake yi, ke nan 92. Lita ɗaya ta fenti mai kyau tana rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a bango mai santsi, don haka lita 10 zuwa 12 sun isa bangon. Silin ɗin wannan falo murabba'in mita 20 ne, shafa biyu zai ci wajen lita 5. Wanda ya san wannan lissafi ba za a sa shi sayen bokiti biyu masu lita 20 a kan falo irin wannan ba.

Game da inganci, a nan ne maganar nan ta araha ba ta ado take da gaskiya. Fenti mafi arha ruwa ne da gari, sai an yi shafa uku ko huɗu kafin ya rufe, kuma da an jingina da shi ya bi riga. Gara a sayi matsakaici. Gidan da ke da yara ya nemi irin wanda ake iya gogewa da tsumma, ko da a rabin bango na ƙasa kaɗai ne, inda hannaye ke kaiwa. A Kano ana samun kayan fenti a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, kuma yana da kyau maigida ya je da kansa ko ya raka mai fentin, ya duba cewa murfin bokitin a rufe yake daga kamfani. Idan an zo aiki a tsaya a ga yawan ruwan da ake ƙarawa, kada ya wuce abin da aka rubuta a jikin bokiti.

Launi kuwa, farin tas yana nuna ƙura da sauri a ƙasarmu, kuma da rana yana kashe ido. Ruwan madara, da ruwan toka mai haske, da ruwan ƙasa mai haske sun fi haƙuri da ƙura, suna kuma sa ƙaramin falo ya yi kamar ya ƙara faɗi. Wanda ke son launi mai ƙarfi, kamar makuba ko shuɗi mai duhu ko kore, ya ba shi bango ɗaya tak, wanda ido ke fara sauka a kansa idan an shigo, sauran ukun su zauna da haske. Galan ɗaya mai lita 4 ya isa wannan bango. Kafin a yanke shawara a shafa ɗan launin a gefe guda a kalle shi da safe da kuma dare, domin launi yana canzawa da haske.

Mai lafiya zai iya yin fentin da kansa. Abin da ake buƙata shi ne rola da sandarta, da burushi mai inci biyu ko uku, da faranti na fenti, da tef na takarda, da tsofaffin jaridu ko leda don rufe ƙasa. A fara da silin, sannan a bi kusurwoyi da gefen taga da soket da burushi, sai a cike tsakiya da rola daga sama zuwa ƙasa. A gama bango ɗaya kafin a huta don kada layi ya fito. A bar shafar farko ta bushe awa uku zuwa huɗu kafin ta biyu, a cire tef tun fentin bai ƙanƙame ba.

Mataki na huɗu: kujeru

Kujera abu uku ce: katako, da soso, da yadi. Idan katakon yana da lafiya, sauran biyun gyara ne kawai. A kifa kujerar a duba ƙarƙashinta, a girgiza hannuwanta a ji ko tana motsi, a duba ko akwai garin katako da ke zubowa, wanda alama ce ta ƙwaro. Tsofaffin kujeru da yawa an yi su da katako mai nauyi da ya fi na sababbin da ake jerawa a bakin titi, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Idan yadin bai yage ba, datti ne kawai, a fitar da kujerun rana a bubbuge ƙurar, sannan a kaɗa sabulu ya yi kumfa, a riƙa ɗibar kumfar kaɗai da burushi mai laushi ana gogewa, a bi da tsumma mai danshi. Kada a kwarara ruwa, domin idan ya shiga soso yakan bar wari. Idan wurin zama ya lotsa, a sauya soson wurin zaman kawai, a bar na baya da na hannu. A nemi soso mai nauyi, wanda idan an danna shi da hannu yake dawowa nan take, domin nauyinsa ne ke nuna ƙarkonsa, ba kaurinsa ba. A sa kafinta ya duba bel ɗin da ke ƙarƙashi, don sau da yawa shi ne ya saki.

Idan yadin ya mutu, hanya biyu ce. Mafi sauƙi ita ce tela ya ɗinka wa kujerun riga mai zif ko roba, wadda za a riƙa cirewa ana wankewa, kuma gidan yara wannan ta fi. Ta biyu ita ce a kai wa mai kujeru ya sake yadin gaba ɗaya. Idan ita za a bi, a sa shi ya zo gida ya auna ya faɗi yawan yadin, a je Kantin Kwari ko wata kasuwar yadi a sayo da kai, a biya shi kuɗin aiki daban. A tambaye shi a fili: "Malam, aikin hannunka nawa ne, kuma yaushe zan zo in karɓa?" A ba da kafin alƙalami kaɗan, cikon sai an ga aiki. A zaɓi yadi mai kauri marar zane da yawa, mai matsakaicin duhu, domin zane mai hayaniya yana saurin gundura.

Wani lokacin ma gyaran shi ne ragi. Cikakken saiti mai zaman mutum bakwai yana shaƙe ƙaramin falo, kuma idan aka cire kujera ɗaya ko biyu aka kai wani ɗaki, an sami sarari an kuma rage kuɗin yadi. Mai sayen kujerar hannu a wurin 'yan gwanjo ya haska tocila a cikin ɗinki da lungunanta, ya nemi kuɗin cizo ko baƙaƙen ɗigon da suke bari, in ya gani ya haƙura da ita komai arharta. Kada kuma a fesa fiya-fiya a kujerar da mutane za su zauna a kai. Maganin gona ne, kuma yana da haɗari ƙwarai a cikin ɗaki.

Teburin tsakiya da ya dushe a goge shi da sanfefa mai laushi, ana bin yadda zanen katakon ya tafi, a share ƙurar, a shafa masa banish sau biyu a waje inda iska ke kaɗawa.

Mataki na biyar: labule

Yadda aka rataya labule ya fi tsadar yadinsa tasiri. A ɗaga sandar ta wuce saman taga da santimita 15 zuwa 20, ta kuma zarce kowane gefe da kamar haka, labulen ya sauko har ya kusa taɓa ƙasa. Wannan yana sa taga ta yi girma, bango ya yi tsayi. Faɗin yadin ya zama ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na tsawon sandar, don ya yi tattara. Tagar da faɗinta santimita 120 ne za ta so sanda mai kusan 160, da yadi mai faɗin kusan mita 3.

Labule mai hawa uku da jela da igiyoyin ruwan gwal yana cin yadi, yana kuma tara ƙura. Shafi biyu sun wadatar: mai shara-shara a ciki don rana, mai kauri a kansa don dare da sutura. Tagar da ke kallon yamma a sa wa labulenta shafi a baya, ko da na tsohon zanen gado ne, don rana ta ci shi maimakon yadin. Ana samun labulen gwanjo masu kyau a Ƙofar Wambai a Kano da Kasuwar Barci a Kaduna. A je da awo, a buɗe kowanne a hasken rana, a wanke kafin a rataya. Kada a manta da labulen ƙofar da ke shiga cikin gida, wanda ke kare iyali daga idon baƙo, ya kamata ya dace da na tagogin.

Mataki na shida: ƙasa

Kafet na bango da bango yana da tsada, yana riƙe ƙura, wankinsa kuma wahala ne. Idan akwai tayil a ƙasa, a wanke layukansa da tsohon burushin haƙori, a shimfiɗa madaidaicin kafet a tsakiya yadda ƙafafun gaba na kujeru za su hau gefensa. Idan siminti ne, a like ramukansa kafin a shimfiɗa leda, domin a kan rami leda take fara yagewa. Sabuwar tabarmar kaba mai kyan saƙa ma tana yin wannan aiki, kuma ta fi sanyi a lokacin bazara.

Mataki na bakwai: haske

Ƙwan fitila guda a tsakiyar silin yana barin kusurwoyi cikin duhu. A ƙara fitila ɗaya ko biyu a ƙasa, ta tebur ko ta tsaye, a kusurwar da ake zama. A jikin kwalin ƙwan LED ana rubuta launin haskensa: mai lamba 2700K zuwa 3000K yana ba da haske mai ɗumi da ya dace da hira, mai 6500K kuma fari ne tas, ya fi dacewa da karatu da kicin. A daidaita su kada a cakuɗa a ɗaki ɗaya. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken da ya kai na tsohon ƙwai mai wat 60, abin da ke da amfani ga mai sola ko janareta, akwai kuma mai batir a ciki da ke ci gaba da haske idan an ɗauke wuta. Wayoyin talabijin da ke lilo a tattara su cikin farin bututun roba da ake mannawa a bango. Soket da ya ƙone ko ya fashe a kira mai gyaran wuta ya sauya shi, bayan an kashe wutar gidan.

Mataki na takwas: jere da ado

Kafin a mayar da kujeru inda suke da, a gwada wani tsarin. A sa babbar kujera ta fuskanci ƙofa ko bangon da aka ba launi, sauran su karkato gare ta yadda masu hira za su ga juna. A bar hanyar wucewa mai faɗin kusan santimita 80, tsakanin kujera da tebur kuma kusan 45. Falonmu wurin cin abinci ne a ƙasa, wurin sallar baƙi mata, wurin zaman barka da gaisuwa, saboda haka tsakiyarsa tana son sarari. Ƙananan tebura biyu da ake iya ɗagawa sun fi babba guda da ba ya motsi, kuma ya kamata a bar wani gefe da za a iya shimfiɗa darduma a fuskanci alƙibla ba tare da an ja kujera ba.

A wajen ado a tsaya kan launi uku: na bango ya fi yawa, na kujeru da labule ya biyo, na uku mai ƙarfi ya fito kaɗan-kaɗan a filo da abin bango. Yadi ɗaya na atamfa yana fitar da rigar filo biyu masu inci 16, don haka ragowar ɗinkin Sallah ma ta isa. Kayan hannu na gida sun fi na roba da ake shigowa da su kyau da ƙarko. A Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ana samun tumtum na fata da faya-fayai da ƙwarya mai zane. Tumtum ana sayensa ba ciko, a cika shi da tsofaffin tufafi a gida, ya zama wurin zaman mutum guda. Faya-fayai biyar ko bakwai masu girma daban-daban, idan aka jera su kusa da juna a bango ɗaya, sun maye gurbin babban firam. A fara shirya su a ƙasa har tsarin ya kwanta a rai, sannan a buga ƙananan ƙusoshi. Ƙyallen rini na Ƙofar Mata za a iya ɗaure shi a katako a rataya, amma idan filo za a yi da shi a fara wanke shi shi kaɗai, saboda baba yana zuba. Farantin tagulla na Bida da ya yi duhu yana dawowa idan aka goge shi da lemon tsami da gishiri aka ɗauraye aka busar.

A nan ne kwallar da aka ajiye gefe za ta dawo, ita kaɗai ko da wasu biyu a kan kantar jere, inda za a gan ta sosai. Firam, ko na aya ne ko na hoto, a rataya shi yadda tsakiyarsa za ta kasance kusan santimita 150 daga ƙasa, domin yawanci ana kai shi sama fiye da kima. Madubi a bangon da ke fuskantar taga yana ninka hasken rana. Shuka mai rai guda, moɗa ko alobera a tukunyar ƙasa kusa da taga, ta isa, kuma dukansu ba sa son ruwa da yawa. A riƙa zubar da wanda ya taru a farantin da ke ƙarƙashi saboda sauro. Kaskon turaren wuta a ba shi wuri a kan tayil ko faranti, nesa da labule da sabon bango, don kada hayaƙi ya yi masa tabo. Ragowar fentin kuma a zuba shi a ƙaramar roba mai murfi, a rubuta sunan launin da lambarsa a jiki, a ajiye a inuwa, don shafe duk wani tabo da zai fito daga baya.